Gado a Kurmi: Malam Ya Raba, Banki Ya Ce Ina Takarda?

 

Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, Malam Liman da sauran malamanmu, shugaban ƙungiya da muƙarrabansa, iyayenmu mata da ke zaune can ɓangaren hagu, 'yan'uwa mazauna Sabo da waɗanda suka taso daga Bodija da Shasha da Akinyele.

An ba mu dama mu yi bayanin aikin da ƙungiya ta ɗora mana, wato taimaka wa jama'a kan wasiyya da gado da takardun tsofaffi. Mun san maganar ba ta da daɗin ji. Dattijo in ka ce masa, “Alhaji, ya kamata a rubuta abin nan,” sai ya dube ka ya ce, “Yaro, mutuwa kake yi mini fata?” To a yi mana afuwa. Mu ma da muke tsaye nan furfura ta fara cin ƙarfinmu, kuma maganar da kanmu muka fara ta.

Da farko dai a san matsayinmu. Mu ba lauyoyi ba ne, ba alƙalai ba ne, ba kuma malaman fara'ili ba ne. 'Yan kasuwa ne, wani goro, wani albasa, wani canji, sai malama guda daga Islamiyyar mata. Iyakar karatunmu allo da Islamiyya, mun ɗan taɓa Risala, bokon ma a kasuwa muka tsince shi. Lauyoyi suna kiran mai irin aikinmu faraligal, wato mai taimakon lauya. Mu ne muke zama da iyali mu ji bayani da Hausa, mu tattara takardu, mu rubuta abin da aka bari da abin da ake bi da abin da ake bin mutum, mu raka mai takaba ko maraya ofis, mu yi tafinta, sannan mu kai wa lauyar da ke aiki da mu. Tsayawa gaban alƙali nata ne. Rubuta takardar cinikin gida ko ta neman izinin kotu a karɓi kuɗi, wannan ma doka ta keɓe wa lauya. Rabo kuwa na malamai ne. Duk wanda ya tare ku a ƙofar kotu ya ce shi zai gama muku komai a mako guda, ku tambaye shi hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Bari mu ba ku labarin da ya sa aka kafa wannan kwamiti. Wasu a nan sun san gidan, amma ba za mu kama suna ba. Wani dattijo ne dillalin shanu, ya fi shekara arba'in a garin nan, mutumin kirki, ba ya rasa sahun farko. Ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya da gida guda da kuɗi a banki. Bayan arba'in aka kira malam, ya zauna ya fitar da rabon kowa, ko awa guda bai yi ba, aka shafa fatiha kowa ya gamsu. Washegari babban ɗan ya ɗauki takardar malam, da sa hannun shaidu da tambarin masallaci, ya nufi banki. Ma'aikacin ya karanta, ya miƙo masa abarsa cikin ladabi, ya ce su ba su san wannan ba, a kawo takardar kotu. Da aka je neman ta kotu sai aka tarar sunan da ke banki daban, na katin ɗan ƙasa daban, wanda unguwa ta san shi da shi kuma laƙabin garinsu ne. Gidan kuwa, da aka buɗe akwati, rasit ɗin da aka samu yana ɗauke da sunan wani amininsa da ya sayar masa tun da daɗewa a kan amana, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa sun koma Arewa. Ana cikin haka aka gano babban ɗan yana da lambar katin cirar kuɗi na uban, ya ɗan riƙa taɓawa, ya ce na cefanen gida ne. Wataƙila ma gaskiyarsa, amma wa zai yarda? 'Yan'uwan amarya suka tayar da ƙayar baya. Sai da aka shekara biyu da wani abu kafin kobo ya shiga hannun marayu. A tsakanin nan amaryar ta sayar da firjin da take sana'ar ƙanƙara da shi, yara biyu suka bar makaranta. Babu mugu a gidan nan, wallahi. Takarda ce kawai babu.

Me ya sa haka? Saboda nan Kurmi ne. A Kano ko Sakkwato ko Zariya, in an yi rasuwa sai a tafi kotun Shari'a, alƙali ya ƙididdige, ya raba, ya ba da takardar da hukuma ta sani. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowace jiha damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a in tana so, kuma gado da wasiyya da kyauta da waƙafi suna cikin huruminta. Jihohin Yarabawa na Kudu maso Yamma ba su kafa ba. Akwai zauren Shari'a mai zaman kansa da 'yan'uwanmu Musulmin Yarabawa suka kafa a Ibadan da Legas tun 2002, yana kuma yin aikin sulhu mai kyau, sai dai wanda ya yarda ya je shi ake yi wa hukunci, ba su da ɗan sanda ba su da ikon tilasta wa banki. Saboda haka mu a nan ƙofa biyu muke bi. Malam ya faɗi haƙƙin kowa, kotu ta ba da mabuɗin da za a kai ga dukiyar. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya zai sha wuya.

Kada wani ya ji haka ya ce ashe dokar ƙasa ta hana a raba mana gado irin na addini. Ba ta hana ba. Lauyarmu ta nuna mana wata tsohuwar shari'a ta 1945, ana kiranta Tapa da Kuka, a kan wani Banufe Musulmi mutumin Bida da ya rasu ya bar gida a Legas. Kotu ta ce dokar da mutumin yake bi a rayuwarsa, wato ta Musulunci, ita za a bi a gadonsa, ko da gidan yana Legas. Mu baƙi wannan ta yi mana daɗi. Amma fa sai an nuna wa kotu cewa mamacin a kan wannan tafarki ya rayu. Maƙwabtanmu suna da nasu rabon na al'ada, wanda suke kira idi-igi, a raba dukiya bisa yawan matan da suka haihu, kowace ɗaki kaso guda, ko ɗanta ɗaya ko goma. Suna da wani kuma ori-ojori, kowane ɗa kaso daidai, mace da namiji. Wanda ya auri Bayarabiya, kuma mu da yawa mun aura, alhamdu lillahi, ya sani dangin matarsa wannan suka tashi suka gani. In bai bar bayani ba, ranar rabo kowa da ma'aunin da zai zo da shi.

A nan za mu ja kunnen samarinmu masu zuwa rajista a ɗaura auren kotu don neman biza ko don aikin ofis. Wancan aure na mace ɗaya ne a doka, kuma wanda ya yi shi ya mutu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta jiha ce za ta hau kan dukiyarsa. Takardar shaidar aure da masallaci ke bayarwa daban ce, ba ita muke nufi ba. Kafin ka sa hannu a rajista, zo ka tambaya.

To ita takardar kotun, yaya ake samunta? Ana zuwa ofishin rajistar gado na Babbar Kotun Jiha a nemi izinin kula da dukiyar mamaci. Za a buƙaci takardar shaidar mutuwa, da jerin dukiya, da tabbaci daga banki na abin da ke asusun, da mutum biyu masu tsayawa. A buga sanarwa, a jira ko wani zai fito ya ce bai yarda ba, a biya kuɗin gwamnati gwargwadon darajar dukiyar. Ba a ba fiye da mutum huɗu izinin, in kuma akwai ƙaramin yaro cikin magada ba a ba mutum ɗaya shi kaɗai. Shawararmu kullum ita ce a ɗauko daga kowane ɗaki, don kada zargi ya shiga. Kuma wanda aka ba takardar nan ɗan aike ne, dukiyar ba ta zama tasa ba. Haka nan gurbin nan da ake cikewa a banki, inda ake rubuta sunan makusanci, mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta shi ya ci kuɗin. A'a. Shi ne wanda za a fara nema in wani abu ya faru, shi ke nan. Mun ga ƙanin mamaci ya zo yana huci wai sunansa ne a banki, alhali ga 'ya'ya maza, ko sisi ba shi da shi a fara'ili.

Shaidar mutuwar nan kuma ku kula da ita. Mu muna gaggawar jana'iza, haka addini ya so, mutum ya cika da asuba kafin azahar an kai shi. Amma a sa mutum guda ya tsaya a karɓi takarda a asibiti, in a gida aka rasu a je a yi rajista a ofishin hukumar ƙidaya. Abin da za a samu a kwana biyu, in an bari ya shekara sai an haɗa da takardar rantsuwa da sintiri.

Yanzu ga inda muke son a buɗe kunne sosai, wato wasiyya. Mun karanta a Islamiyya cewa abin da mamaci ya bari, ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Mun kuma san hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa aka tsayar da shi a sulusi. Mun san ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Daga nan sai wasu suka ɗauka tun da Allah ya riga ya raba a Suratun Nisa'i, rubutu ba shi da amfani. Ai kuwa a Kurmi nan ne amfaninsa ya fi yawa. Wasiyyar da muke nufi ba ta taɓa rabon kowa. Cewa take yi: ni wane ɗan wane, Musulmi ne, a raba abin da na bari bisa mazhabar Malikiyya, ga matana, ga 'ya'yana na nan da na gida, ga abin da na mallaka, ga wanda nake bi, ga mai bi na, ga kayan da ke hannuna amma ba nawa ba ne, ga mutum biyu ko uku da na naɗa su tsaya a kai. In akwai wannan, kotu tabbatar da ita kawai za ta yi, waɗanda ka naɗa su kama aiki.

Sai dai wuƙar tana da baki biyu. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wasiyyarsa ta zauna ko da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi suka gyara dokokinsu, har a 2007 kotun ɗaukaka ƙara a Ilori ta rushe wata wasiyya a shari'ar Ajibaiye saboda dokar Kwara ta ɗaure Musulmi da ƙa'idar addininsa. Kun ga ke nan abin ya danganta da jiha. Ma'anarsa gare mu ita ce, in ka je wurin lauyan da bai san fara'ili ba, ka ce a ba wane gida a hana wance, zai rubuta maka, wata kotun kuma ta zartar, kai kuwa kana can kana amsa tambaya. Shi ya sa ba ma kai kowa wurin lauya sai ya fara zama da malam.

Sharuɗɗan takarda ba su da yawa, amma ɗaya in ya faɗi duka ta faɗi. A rubuce take. Mai ita ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu biyu suna tare a zama ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Kada shaida ya zama wanda aka ba wani abu a ciki, ko mijinta ko matarsa, don abin da aka ba shi zai faɗi. In mai wasiyyar ba ya karanta Turanci, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya gane, mai fassarar ya sa hannu. Sannan a rufe a kai ajiya rajistar kotu. Ba a ƙulle take har abada ba, in an yi haihuwa ko an sayi wani abu ko an sayar, sai a sabunta.

Sulusin nan kuwa rahama ce da muke wasa da ita. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa, in akwai baffanninsa maza ba ya gado, sai ka ga yaro ya tashi a gidan, ranar rabo yana kallo. Ɗan riƙo haka. Yaron shago da ya yi maka shekara ashirin yana ɗaukar buhu, haka. Matar da aka aura Kirista ce ba ta musulunta ba, ba ta gadon mijinta, ko da ta haifa masa goma ta yi jinyarsa. Duk waɗannan ƙofar da Shari'a ta bar musu ita ce sulusi, kuma ba mai buɗe ta sai kai da bakinka, tun kana da rai.

Bashi kuwa, mu 'yan kasuwa, nan ne cutarmu take. Kasuwancin Sabo tun kafuwarta a kan amana ya ginu. Mai shanu ya kawo daga Arewa ya sauka wurin maigida, mahauci ya ɗauka bashi, maigida ya tsaya. Mai goro ya yi lodi a biya in kaya sun isa. Miliyoyi suna yawo a kan kalmar baki, lissafin duk yana cikin kan mutum guda. Ranar da kan nan ya kwanta, masu binsa duka za su zo, har da waɗanda ba su bin komai, waɗanda yake bi kuwa ko gaisuwa wasu ba za su zo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun haddace ta muna yara, muka girma muka ce kunya ba ta bari mu ce wa aboki ya sa hannu. Littafi guda na ɗari biyar ya isa. Ko da ajami ne ka rubuta, mu za mu karanta.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Kuɗin adashinki da kika ba Alhaji ya ƙara a jari, awakinki da ya sayar ya ce zai mayar, ragowar sadakin da ba a cika ba, duk bashi ne, ana fitar da shi kafin a raba gado, bai shafi tumuninki ba. Amma ranar nan in kin faɗa, kishiya za ta ce yaushe aka yi, 'ya'yanta su ce ina shaida. Malamar da ke cikinmu an sa ta ne domin ku, tana shiga gida ta rubuta, ba sai kin fito ba. Kuma kada wanda ya tashe ki daga ɗakinki kina takaba, wata huɗu da kwana goma haƙƙinki ne ki yi su a inda kike. In akwai mai juna biyu, a dakata da rabo sai ta sauka. Wani abu kuma da za mu faɗa ko da za a ji haushinmu: shinkafar uku da bakwai da arba'in da ake dafawa daga dukiyar da marayu ƙanana ke da haƙƙi a ciki, a tambayi malamai hukuncinta. Baligin da ke son yi wa ubansa sadaka ya yi daga rabonsa.

Ga wani lissafi, misali ne kawai. Mutum ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 6 da mata 5, bayan bashi da wasiyya abin da ya rage ya kai naira miliyan 24. Matan su raba tumuni, miliyan 3, kowace ɗaya da rabi. Mahaifiya sudusi, miliyan 4. Saura 17, kowane namiji 2, kowace mace 1. A allo abin gwanin sha'awa. To amma in miliyan 24 ɗin nan gida ne guda a Sabo fa? Mutum 14 a kan gida ɗaya, rabinsu suna Katsina ba su taɓa ganinsa ba suna son kuɗi, rabinsu a cikinsa aka haife su ba su da wurin zuwa. Nan ne aikinmu ya fi cin lokaci. Mukan nemo mai ƙiyasta daraja wanda ba dangin kowa ba, mu ba na ciki dama su sayi rabon na nesa ko da biya kaɗan-kaɗan ne, in ya gagara a sa haya a riƙa rabawa, sayarwa ita ce ta ƙarshe. Duk abin da aka daidaita a kai lauya ta rubuta, kowa ya sa hannu, na gida ma a aika musu.

Takardun gidajenmu su ma abin dubawa ne. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka sai da amincewarsa. Da yawanmu abin da muke riƙe da shi rasit ne na wanda ya sayar mana. In filin na dangi ne, a al'adar masu garin sai mogaji, wato shugaban gidansu, da manyan dangin sun yarda ciniki yake tsayawa. Wanda ya saya a hannun ɗa guda, to ya sayi rigima ya ajiye wa 'ya'yansa. Ku fito da takardun a duba tun masu sayarwar da shaidun suna raye. Kuma a yi kwafi, ɗaya nan, ɗaya a gida Arewa, ɗaya a ɗauka a waya. Abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Shasha a watan Fabrairun 2021, Allah kada ya maimaita mana, amma mun ga mutanen da suka tsira da rai takardunsu suka ƙone, suka dawo ba su da abin nunawa.

Saura maganar tsofaffinmu masu rai, don aikin ba na matattu kaɗai ba ne. Tsufa in ya zo, ido ya raunana, wani har gigin tsufa ya kama shi, sai ka ga na kusa da shi ne ke riƙe da katin banki da wayarsa. Yawanci da kyakkyawar niyya ake farawa. Amma an taɓa kawo mana takardar sayar da shago da dangwalen wani tsoho wanda a lokacin ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Irin wannan ciniki bai inganta ba a Shari'a, bai inganta ba a kotu, sai dai kafin a warware shi an sha wahala. Hanyar ita ce, tun dattijo yana cikin hankalinsa ya zaɓi wanda ya amince da shi, lauya ta rubuta takardar wakilci, a faɗi abin da wakilin zai iya yi da wanda ba zai iya ba, ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wani ɗa daga ɗaya ɗakin yana gani. Kuma a sani wakilci yana ƙarewa da mutuwar mai shi. Daga wannan sa'a katin nan haramun ne a taɓa shi, kuɗin na magada ne duka.

Haka kyauta. Dattijo ya ce, “Shagon nan na ba wane,” ya ci gaba da zama a ciki yana karɓar ciniki har ya mutu. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. In bai karɓa ba har mutuwa ta zo, ta koma gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. In za ka ba da, ba da da gaske, da shaidu da takarda, ka kuma ji tsoron Allah ka daidaita tsakanin 'ya'yanka.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, tsofaffin masu gadi da 'yan dako da masu shayi da suka zo ci-rani tun suna samari, ba su koma ba, ba su yi iyali a nan ba. In sun faɗi, mu ne muke wanke su. Sau da yawa sai a sami ɗan kuɗi a ƙarƙashin tabarma ko ajiya a wurin mai shago, a rasa wanda za a kai wa, don ba wanda ya san ainihin sunan ƙauyensu. Wannan dukiya tana da masu ita, wataƙila wata tsohuwa ce can tana jiran labari. Mun buɗe musu rajista: suna, sunan uba, gari, unguwa ko ƙauye, sunan ɗan'uwa guda, da wanda ke riƙe musu ajiya. Masu gidaje da masu shaguna, ku taimaka ku kawo mana su, wanda ba ya iya tafiya mu za mu je.

Wasu sun tambaya ko nawa ake biya. Mu ba ma karɓar komai, sai kuɗin mota in tafiya ta kama, shi ma da rasit. Kuɗin lauya da na gwamnati za a gaya muku tun kafin a fara, a gaban shaida. Abin da kuka faɗa mana amana ne, ko Sarki ba ma kai wa sai da izininku, Allah ya ba shi haƙuri yana ji. In kuma rigima ta riga ta shiga tsakanin magada, ba ma tsaya wa ɓangare ɗaya, sai mu mayar da ita gaban Sarki da Liman, in ta fi ƙarfinsu kowa ya nemi lauyansa.

Muna zama kowace Lahadi bayan la'asar a ofishin ƙungiya, mata kuma ranar Alhamis da hantsi a Islamiyya. Mai zuwa ya taho da katin ɗan ƙasa, da sunan da ke bankinsa, da duk wata takardar gida ko shago ko mota, ko da ta yage, ko da da Yarabanci take. Wanda sunansa ya bambanta tsakanin kati da banki, da shi za mu fara wannan makon.

Allah ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasar nan, ya raya marayunmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.